RA'AYINMU: Murɗar Cikin Doki, Wa Ke Iya Biyan Kuɗin Fiɗa?

Sanin kowane makiyayi ne cewa in saniya ta kwanta ciwo har aka ga ba ta tashi, akwai sauran dabara guda: a kira mahauci, a sa wuƙa, a karɓi abin da ya samu. Asara ce, amma an tsira da wani abu. Doki kuwa, mafi yawanmu ba mu cin namansa. Ran da ya faɗi, kuɗin da aka saye shi, da geron da ya ci shekara da shekaru, da harawar da aka tara masa, duk sun bi shi rami. Cikin cututtukan da ke kayar da doki farat ɗaya kuma, da wuya a sami wanda ya kai murɗar ciki. Da safe yana haniniya lafiya lau, da la'asar yana birgima, kafin asuba an ja shi bayan gari.

Tun da wayar hannu ta shiga ruga da kasuwa, jama'a suna ganin hotunan asibitocin dawaki na ƙasashen Turai da na Larabawa, inda ake kwantar da ingarma a kan tebur, a buɗe cikinsa, a warware hanjin da ya murɗe, a ɗinke, ya tashi. Wanda ya taɓa rasa doki in ya ga wannan sai ransa ya sosu, ya ce mu me ya hana a yi mana haka? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Amsarmu ita ce: fiɗar doki ta fi ƙarfin aljihun makiyayi, ta ma fi ƙarfin masu dawaki da yawa a can inda ake yin ta. Amma mafi yawan dawakin da murɗar ciki ke kashe mana ba su bukatar wuƙa tun farko. Abin da suka rasa abu ne mai araha, kuma shi ya kamata mu tsaya a kansa.

Cikin doki daban, cikin saniya daban

Masu shanu sukan ce: ai mun ga likitan dabbobi ya tsaga kwiɓin saniya tana tsaye, ya zaro ledoji ƙulli guda daga tumbinta, ya ɗinke, bayan kwanaki ta koma kiwo. Gaskiya ne, ana yin haka. Tumbin saniya babba ne, yana jingine da kwiɓin hagu, allurar kashe zafi a wurin da za a tsaga ta isa, kuma jikin saniya yana da juriya in ɗan datti ya shiga cikin.

Doki ba shi da wannan tumbin, ba ya kuma tuƙa. Cikinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Daga nan sai ƙaramin hanji wanda tsawonsa ya haura mita 20, sannan babban hanji mai faɗi wanda ya naɗe gida biyu, yana lilo cikin ciki ba tare da an ɗaure shi sosai ba. Akwai wata kwana da babban hanjin ke tsukewa kwatsam, a nan busasshen abinci da rairayi suka fi tsayawa. Ga wani abu kuma da ya kamata kowane mai doki ya sani: doki ba ya iya amai. In hanya ta toshe a gaba, ruwa da iska sai su taru a baya har ciki ya fashe. In kuwa hanji ya murɗe ya shaƙe jijiyoyin jininsa, cikin ƴan sa'o'i wurin ya soma mutuwa, guba ta shiga jini.

Saboda haka fiɗar murɗar ciki ba a yin ta a gindin bishiya. Sai an sa doki barci gaba ɗaya, an ɗaga shi da sarƙa da inji, an kwantar da shi rigingine, an tsaga tsakiyar cikinsa, a ɗaki mai tsabta ƙwarai, don ƙwayar cuta kaɗan in ta shiga cikin doki tana iya gamawa da shi.

Abin da ke cin kuɗin

Wanda ya ji kuɗin fiɗa yakan zaci likita ne ya tsawwala. To, a duba abin da ke ciki. Ana bukatar likitan fiɗa da mataimakinsa, da mai kula da barcin dokin da numfashinsa, da masu miƙa kayan aiki, kuma dole su kasance a shirye dare da rana, don murɗar ciki ba ta jiran gari ya waye. Ana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da iskar numfashi, da ɗaki mai katifu a bango inda dokin zai farfaɗo, domin wani dokin a wajen yunƙurin miƙewa daga barci yake karya ƙafa. Aikin kansa yakan ɗauki sa'a biyu zuwa uku. Bayan an gama, sai ƙarin ruwa ta jijiya, lita gommai a kwana guda, da magunguna, da mai gadinsa ba dare ba rana har mako guda ko fiye. In ya koma gida ma sai ya yi kamar wata uku kafin a sake ɗora masa sirdi.

A Faransa, da wuya a yi wannan aiki ƙasa da yuro 4,000, kuma sau da yawa yakan kai 5,000 ko ya zarce in an yanke hanji ko jinya ta yi tsawo. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai. Ke nan yuro 5,000 ya kama sefa miliyan 3 da kusan jikka 280. A Ingila da Amurka ma dubban fam da dubban daloli ake magana. Ba sai mun gaya wa mai karatu kuɗin doki a kasuwar garinsu ba. Ya lissafa da kansa dawaki nawa wannan kuɗi zai saya, ko bijimai nawa za a fitar daga garke kafin a haɗa shi. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Bayan duk wannan kuɗi, babu tabbas. Akwai dokin da za a buɗe cikinsa a tarar hanjin ya riga ya lalace, a bar shi ya tafi cikin barcinsa, mai shi kuma ya biya kuɗin aikin da aka yi. Cikin waɗanda suka farfaɗo, a manyan asibitoci, kimanin bakwai zuwa takwas cikin goma ne ke komawa gida, kuma wasu cikinsu ciwon yakan dawo musu.

Can ma ba kowa ke iyawa ba

Kada a ɗauka duk Baturen da ke da doki attajiri ne. Da yawa ma'aikata ne da manoma masu doki ɗaya ko biyu. Ran da likita ya ce sai fiɗa, shi ma Baturen zufa ke karyo masa, don cikin sa'a guda ake so ya yanke shawara, kuma asibitoci da yawa sai an ajiye wani kaso na kuɗin kafin a taɓa dokin. Dabarar da suka yi ita ce inshora: mutum ya riƙa biyan kamfani wani abu kowace shekara, ran da ciwo ya zo kamfanin ya ɗauki nauyi. Ita ma tana da iyaka. Akwai adadin da kamfani ba ya wucewa, tsohon doki sau da yawa ba a karɓarsa ko a rage abin da za a biya masa, wanda kuma ya taɓa yin murɗar ciki akan cire wannan ciwon daga yarjejeniyarsa. Shi ya sa a Turai da Amurka ake kashe dawaki da yawa da allura, waɗanda da an yi musu fiɗa da wataƙila sun tashi, don kawai mai su ba shi da halin biya.

In haka abin yake a ƙasashen da asibitin ke kusa, hanya na da kwalta, motar ɗaukar doki na ƙofar gida, to ina ga mai doki a dajin Dakwaro ko Abalak ko arewacin Gure? Ko da an gina asibitin a Yamai, an ce kyauta ne, hanjin da ya murɗe ba zai jira tafiyar kwana guda a bayan babbar mota ba.

Lissafin da ya kamata mu riƙe

Ga inda hankalinmu ya kamata ya koma. A shekarar 1992 wani likitan dabbobi a Ingila mai suna Proudman ya buga sakamakon binciken da ya yi shekara biyu yana bin diddigin murɗar ciki sau 200 da aka kira likita a kansu. Kashi 7 cikin ɗari ne kawai suka zama na fiɗa. Fiye da kashi 70 ciwo ne na murɗawar hanji mai wucewa da makamancinsa, wanda allura da hutu ke kwantarwa. A Amurka, binciken da ma'aikatar noma ta ƙasar ta yi a 1998 zuwa 1999 ya nuna cewa cikin dawaki ɗari akan sami murɗar ciki kamar sau huɗu a shekara, kashi 11 cikin ɗari na masu ciwon suka mutu, waɗanda aka yi wa fiɗa kuwa ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Dawakinsu da namu ba abinci ɗaya suke ci ba, ba kuma rana ɗaya ke dukansu ba. Amma hanjin doki ɗaya ne ko'ina, kuma darasin a fili yake: kusan tara cikin goma na masu murɗar ciki ana iya ceto su ba tare da wuƙa ba, in an same su da wuri. Abin da likita ke bukata ya shiga jaka guda: allurar kashe zafi irin su Finadyne, da ta sassauta hanji irin su Buscopan, da dogon tiyo na roba da ake zurawa ta hanci har ciki don a fitar da iska da ruwan da suka taru, a kuma zuba ruwa mai ɗumi da gishirin magani ko man farafin na likita, wanda ba shi da haɗi da kananzir. Sai doguwar safar hannu ta laluben hanji ta dubura. Kuɗin wannan jaka duka bai kai kashi kaɗan na kuɗin fiɗa guda ba. Dawakinmu da yawa rashin wannan jakar ne ke kashe su, da rashin mai iya aiki da ita a kusa.

Ta inda ciwon ke shigo mana

Rigakafi ya fi magani, kuma kowane lokaci na shekara da irin tarkonsa.

Da rani da bazara, ruwa ne da rairayi. Mun saba shanunmu suna kwana biyu kafin su ga rijiya in rani ya yi tsanani, raƙumi ya fi haka. Sai wasu su haɗa doki cikin wannan tsari. Doki ba ya jure shi. Lita 25 zuwa 40 yake bukata kullum, in ana zafi ko yana aiki ya zarce haka, kuma so samu a ba shi sau biyu ko uku a yini. Dokin da ke cin busasshiyar ciyawa da kara ba ruwa isasshe, abincin sai ya daskare a wannan kwana ta hanji. Ga shi kuma in ciyawa ta ƙare yana kalen ƙasa, ko an zuba masa dusa a kan rairayi, kullum yana haɗiyar yashi kaɗan kaɗan har ya taru ya yi nauyi a babban hanji. Gwajin wannan ba wuya: a ɗebi kashinsa wanda bai taɓa ƙasa ba, a dama shi da ruwa a bokiti, a bar shi ya kwanta. In aka tsiyaye aka ga yashi a ƙasan bokitin, to dokin yana ci.

Da farkon damina, sabuwar ciyawa ce. Dokin da ya yi wata shida a kan busasshe, in aka sake shi ya cika ciki da ɗanya rana ɗaya, iska za ta kumbura shi. Da kaka kuma sabon gero. Haka in salla ta matso, masu shirin hawa a Damagaram da Maraɗi da Tsibiri da Doso, kowa yana son dokinsa ya fito da sheƙi, sai a ninka masa gero cikin kwana biyu. Hanjin doki yana bukatar mako guda zuwa biyu kafin ya saba da sabon abinci. Hatsi mai yawa a zama guda, ban da murɗar ciki, yana sauka a kofato ya gurgunta doki. Da sanyi kuwa doki yakan rage shan ruwa da kansa, sai an lura da shi. Harawar da ruwa ya taɓa ta yi fumfuna ita ma guba ce, gara a ƙone ta.

Sai tsutsar ciki. Akwai wata iri da ƴaƴanta ke shiga jijiyar da ke kai wa hanji jini su toshe ta. Sai haƙora: dokin da haƙoransa suka yi kaifi ko suka zube ba ya tauna sosai, abinci ya tafi hanji da tsawonsa. In an ga doki yana zubar da dunƙulen ciyawa daga baki, ko ana ganin ƙwayar gero ɗungum a kashinsa, a duba bakinsa.

Sai kuma leda, annobar zamaninmu. Dokin amalanke da jakin da ke yini a bakin kasuwa suna cin ledar da ke da ɗanɗanon gishiri ko mai, da guntun igiyar roba, da buhu. Saniya ledar na taruwa a tumbi ana iya ciro ta. Doki da jaki a hanji take tsayawa, kuma wannan yana cikin irin toshewar da magani ba ya buɗewa. Nijar ta kafa dokar hana shigowa da ledoji marasa kauri da sayar da su tun watan Nuwamba na 2014. Kowa ya zagaya kasuwar dabbobi ran da ta watse ya ga inda dokar ta tsaya.

Abin da ke wuyan mai doki

Alamun ciwon sanannu ne: doki ya ƙi abinci, yana waiwayen kwiɓinsa, yana kartar ƙasa da ƙafar gaba, yana miƙewa kamar zai yi fitsari bai yi ba, yana kwanciya yana tashi, kashi ya ragu ko ya tsaya. Da ganin haka a ɗauke abinci duka daga gabansa, a bar masa ruwa, a riƙa jan sa a hankali yana takawa, a aika neman likita tun rana ba ta faɗi ba. Magabatanmu sun san hana abinci da takawar, kuma likitocin zamani ba su ƙaryata su ba.

Akwai abubuwa biyu da kowa zai iya dubawa ya gaya wa likita a waya. Na farko bugun jini: a sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi a ƙidaya na minti ɗaya. Lafiyayyen doki a huce yana bugawa 28 zuwa 44. In ya haura 60 ya ƙi sauka, abin ya yi nisa. Na biyu dasashi: a ɗaga leɓe a duba. Mai lafiya ja-ja ne mai haske da danshi, in an danna da yatsa launin ya dawo kafin a ƙirga biyu. In ya bushe, ya yi ja wur kamar bulo ko ya yi shuɗi-shuɗi, guba ta shiga jini.

Akwai kuma abin da ya wajaba mu daina. Ɗura wa doki magani ta hanci, ko a ɗaga kansa sama a kafa masa kwalba a baki, yakan tura ruwan cikin huhu, musamman in mai ne. Dokin da zai warke daga ciki sai ya mutu da huhu. Man mota da kananzir guba ne. Lalas a kwiɓi ƙarin azaba ne a kan azaba, zafin wuta ba ya kai wa ga hanji. Hawan doki a yi ta sukuwa da shi don wai cikin ya saki yana ƙarar da sauran ruwan jikinsa. Tiyon hanci kuma aikin wanda ya koya ne, don hanyar ciki da ta huhu maƙwabta ne.

Ga ƴan'uwanmu fatake da dillalai muna da magana biyu. Dokin da aka ɗora a mota yini guda ba ruwa, ya sauka aka tura masa hatsi, an gayyato masa ciwo. A shayar da shi a hanya, in ya sauka a fara da ruwa da ciyawa. Ta biyu kuwa ta amana ce: allurar kashe zafi tana ɓoye ciwo na sa'o'i. Wanda ya yi wa doki mai murɗar ciki allura ya shigar da shi kasuwa, ya sayar wa ɗan'uwansa gawa, kuma sarakunan dillalai ne ya kamata su fara tsawatawa.

Abin da ke wuyan hukuma

Ma'aikatar kiwo ta nuna tana iya babban aiki in ta sa kanta. Bushiya da ta cinye garkunan kakanninmu, allurar rigakafi ce aka bi ruga ruga da ita har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a shekarar 2011. Ana kuma zagayawa da rigakafin ciwon huhun shanu da na annobar awaki da tumaki. Amma doki da jaki kullum a ƙarshen layi suke, alhali su ke ɗauko ruwa, su ke kai hatsi kasuwa, su ke kai mai naƙuda asibiti a ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Mun san yadda aka zo nan. Tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990 ya sa gwamnati ta janye hannu daga sayar da maganin dabbobi da jinyarsu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake sayowa daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Giɓin da aka bari sai ƴan tebur suka cike shi da magani na jabu da wanda rana ta gasa. Daga shekarar 2003 aka soma gwada wani tsari a Dakwaro tare da ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar Beljiyam: likita mai zaman kansa guda ɗaya a babban gari, ƙarƙashinsa mataimaka da aka zaɓo daga cikin makiyaya aka horar, suna zaune cikin jama'arsu. Tsarin ya bazu zuwa wasu yankuna. A kan wannan tushe muke ɗora bukatunmu.

Na ɗaya, a sa doki da jaki cikin horon da ake ba mataimakan likita, su iya gane murɗar ciki, su iya auna bugun jini, su san lokacin da abin ya fi ƙarfinsu. Na biyu, kowane ofishin kiwo na gunduma da kowace babbar kasuwar dabbobi a sami jakar da muka ambata, da ma'aikacin da ya iya zura tiyo. Kuɗin da ake karɓa a kan kowace dabba da aka sayar ya isa a yi wannan, kuma masu biyan sa suna da haƙƙin su ga amfaninsa. Na uku, a sa ido kan maganin da ke yawo a kasuwanni, a kuma sauƙaƙa kuɗin na gaskiya, don araha ce ke kai mutum wurin ɗan tebur. Na huɗu, magadan gari su share ledoji daga kasuwannin dabbobi, su gina kwamin shan ruwa inda amalanke ke tsayawa. Na biyar, ruwa. Dokar makiyaya ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Haƙƙin yawo ba ya cika in an kewaye rijiya da gona, ko mai famfo ya sa kuɗin da zai sa mutum ya riƙa auna wa dokinsa ruwa da kwano.

Ba mu ce kada a taɓa gina ɗakin fiɗar dawaki a yankinmu ba. Makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, wadda ta horar da likitocinmu da yawa tun kafa ta a 1968, da jami'o'in Zariya da Sakkwato masu asibitocin koyarwa na dabbobi, su ne wuraren da irin wannan aiki ya dace da su, kuma masu dawakin tsere da na ƙwallon doki suna da halin tallafa musu. Amma in kuɗin talakawa ne za a kashe, a fara da abin da zai ceci tara kafin a je ga ɗaya.

Abin da za mu yi wa kanmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da Bature ke nema wurin kamfanin inshora, mu muna da irinsa tun kaka da kakanni. Fulani suna da habbanaye, a ba wanda ya rasa garke aron saniya ta haifa masa. Matanmu suna da adashi. Masu dawaki da masu amalanke na gari guda suna iya kafa asusu, kowa ya riƙa zuba abu kaɗan ran kasuwa, a ajiye a hannun amintattu biyu ko uku da littafi a buɗe. Daga ciki a biya kuɗin man babur ɗin likita in an kira shi da dare, a sayi maganin tsutsa a dunƙule daga hannun likita, a kira mai gyaran haƙora sau ɗaya a shekara. In dokin wani ya mutu, a tallafa masa ya sami na maye. Abin da ke sa mutum ya yi ta jinkiri har gari ya waye, sau da yawa tsoron kuɗin kiran likita ne. In asusu ya ɗauke wannan tsoro, an sayi sa'o'in da ke ceton doki.

Saura magana mai nauyi. Cikin goman nan akwai ɗaya da ba tiyo ba allura da za ta tashe shi. In likita ya duba ya ce hanji ya murɗe, zafi ya ƙi jin magani, dasashi ya canza, to barin dabba tana dukan kanta da ƙasa har kwana biyu ba ƙauna ba ce. Addininmu ya hore mu da tausayin dabba. A bar likita ya hutar da shi. Mai dokin kuma kada ya ɗora wa kansa laifin rashin miliyan uku, don masu miliyoyin ma suna rasa nasu. Abin da za a tambaye shi a kai shi ne ruwan da ya ba shi, da inda ya zuba masa abinci, da saurin da ya yi wajen neman taimako.

Muna kira ga shugabannin makiyaya, da ardo-ardo, da sarakunan dillalai, su kai wannan magana taron rijiya da na kasuwa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wakilanmu kuma su ajiye bukatun nan biyar a gaban hukumomin kiwo na jihohinsu, su riƙa komawa suna tambayar inda aka kwana.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka da makiyaya mai yalwa. Amin.